Fankar kan murhu: ta yi min rana a daren guguwa, amma ban yafe wa hoton tallarta ba

Shekara uku kenan da ɗoriya ina amfani da wannan 'yar fankar da ake ɗorawa a kan murhun itace, irin wadda ba ta da waya ba ta da batir, zafin murhun ne kawai yake juya ta, kuma duk 'yar uwar da ta shigo falona ta ganta sai ta tambaye ni ko tana aiki da gaske. Sai in rasa amsar da zan bayar a taƙaice, don wallahi wata rana in ce ku saya wata rana in ce ku riƙe kuɗinku. To bari dai in faɗi yadda muka yi da ita.

Mu muna wani ƙauye ne a bayan Inverurie, a arewa maso gabashin Sikotland, tsohon gidan dutse na haya. Baban yara yana aikin mai a teku, in ya tafi sai ya yi sati biyu ko uku. Gidan yana da boila mai amfani da mai, wato injin da yake dafa ruwan ɗumama gida, da radiyeta a kowane ɗaki da ruwan zafin yake bi ta ciki, sannan ga murhun ƙarfe a falo da ake sa masa itace. Mun tare a Oktoban 2021, a watan ne na sayi fankar fam 35, saboda na lura in aka hura murhun wanda yake gabansa gumi yake yi, wanda yake kan kujerar bakin taga kuma yana lulluɓe da bargo, a falo ɗaya fa. In ka tashi tsaye ka ji ɗumi a kanka, in ka zauna a ƙasa cin abinci ƙafarka kamar ka tsoma ta a randa da asubar hunturu. Zafin duk ya tattara ya haye silin.

Daren farko raina ya ɓaci sosai. Na ɗora ta a tsakiyar murhu daidai gaban bututun hayaƙi, na zauna ina jira. Ta fara juyawa bayan kamar minti 10, na kai hannu gabanta ina zaton zan ji irin iskar fankar gida, sai na ji wata 'yar iska kamar numfashin jariri. Na ce shikenan an ci kuɗina. Washegari na mayar da ita kwalinta na jefa saman kabad da niyyar mayar musu, sai hidima ta sha kaina na manta, kuma Allah ne ya sa na manta.

Ranar Juma'a 26 ga Nuwamba aka yi guguwar nan da suka sa wa suna Arwen. Wanda yake yankin nan a lokacin ya san me nake nufi. Tun da rana aka fitar da jan gargaɗi, mu kuma a lokacin magariba kafin ƙarfe 4 take yi, kafin isha'i iska ta fara kamar za ta ɗage rufin gidan, bishiyoyi suna ta karyewa kana jin ƙararsu a cikin duhu. Sai ɗif, wuta ta ɗauke. Baban yara yana teku. Ni ce da yara uku, autan ko shekara biyu bai cika ba, ga kuma Hajiya surukata da ta zo daga Zariya duba jikoki, mace mai fama da ciwon gwiwa, wadda ko a gida in hunturu ya shigo ba ta rabuwa da safa.

Ni da na taso a Najeriya ai ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, na ɗauko kyandir da tocila na ce kafin safe za su kawo. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne boilar nan duk da mai take sha, sai da lantarki take tashi, famfon da yake tura ruwan zafin cikin radiyetoci ma lantarki ne. Kafin ƙarfe 10 na dare radiyetoci sun zama ƙanƙara. Zuwa washegari sabis ɗin waya ma ya tafi, hanya kuma bishiyoyi sun toshe ta ta ko'ina. Hankalina bai taɓa tashi a ƙasar nan irin na ranar ba.

Na kwaso katifu na shimfiɗa a falo, na rufe duk ƙofofi, na cika murhu da itace. Yara kusa da wuta lafiya lau, amma Hajiya ba ta iya kwanciya a ƙasa saboda gwiwa, sai a doguwar kujera can ƙurya, kujerar kuma ba ta matsuwa ni kaɗai. Cikin dare na haska ta na ga tana rawar ɗari cikin bargo biyu ba ta ce min komai ba, kun san halin iyayenmu da kawaici. Da na matsa sai ta ce, 'yar nan ko za ki ɗan ɗebo min garwashi a wani kwano ki ajiye nan gefe kamar kasko. Na ce Hajiya ku yi haƙuri wannan ba zai yiwu ba. Gidajen nan a toshe suke ruf, tagogi gilashi biyu, garwashi a buɗe a cikin irin wannan ɗaki iskar guba yake fitarwa wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai yi ya wuce. Ko a gida ma duk hunturu sai mun ji labarin waɗanda suka kwana da gawayi a ɗaki a rufe ba su tashi ba. Ta yi shiru, ni kuma na koma gefe ina hawaye don ban san abin da zan yi mata ba.

Da gari ya waye maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Baturiya da ta haura 70, ta tako cikin wannan sanyin ta zo duba mu da fulas ɗin miya a hannu, Allah ya saka mata. Ita ce ta kalli murhun ta ce ba ku da fanka ne? Na ce akwai amma ba ta tsinana komai. Ta ce in ɗauko. Da na nuna mata inda na ɗora ta a da sai ta girgiza kai, ta mayar da ita can baya a gefe ɗaya, nesa da bututun, ta juya fuskarta ta kalli ƙuryar Hajiya. Ta yi min bayani, daga baya ma na karanta a takardar da ke cikin kwalin, wadda ban taɓa buɗewa ba. Ashe gindin fankar ne yake ɗaukar zafin murhu, saman kuma mai fika-fikan alminiyum dole ya kasance ya fi sanyi, a tsakaninsu akwai wani siririn faranti da yake mayar da wannan bambancin ya zama ɗan lantarkin da yake juya injin. In ka sa ta gaban bututu, sama zafi ƙasa zafi, ba bambanci, sai ta yi ta lilo ba ƙarfi, har ma farantin yana iya ƙonewa. In tana can bayan murhu kuwa tana jawo iska mai sanyi ta bayanta, ta bi da ita ta saman murhun ta turo gaba.

Wallahi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba Hajiya ta yaye bargo ɗaya. Har yanzu in ka kai hannu iskar ba wani ƙarfi gare ta ba, amma ɗumin da yake miƙewa sama sai ya zama yana tahowa a kwance, a hankali a hankali har ƙurya. Hajiya ta yi ta kallonta tana tambaya wai ina aka jona ta, na ce ba a jona ko'ina ba, ta ce ikon Allah, wuta ce take fifita kanta. Kwana huɗu muka yi ba lantarki, wasu a yankin ma sun haura sati, kuma a kwana huɗun nan fankar ba ta tsaya ba sai in wutar murhu ta mutu. Har ta zama min agogo, cikin dare in na farka na haska na ga juyinta ya yi sanyi na san lokacin ƙara itace ya yi, ba sai na tashi na buɗe murhu na duba ba. A gefenta na dafa shayi, na dama kunu, na ɗumama ruwan alwala, har shinkafa da wake na yi a kan murhun nan. Da a satin na rubuta wannan da tauraro biyar zan ba ta in ƙara da addu'a.

To amma fa. Da wuta ta dawo muka koma ɗakunanmu sai na tuna dalilin da ya sa tun farko na zaɓe ta, wato hoton tallar nan da aka zana gida guda da jajayen kibiyoyi suna fita daga murhu suna shiga kowane ɗaki har saman bene. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma har yau in na ga hoton raina ɓaci yake yi, don na san akwai mai ƙaramin ƙarfi da zai saya yana tunanin zai kashe boila ya huta. Hunturun 2022 da kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabi na gwada hakan, na buɗe ƙofar falo na saita ta tana kallon barandar ɗakuna, ga ma'aunin zafi na ajiye a ɗakin yara. Awa uku yana kan digiri 13 bai motsa ba. A Disambar nan ne aka yi sanyin da a Braemar, nan cikin yankinmu, ya kai 17 ƙasa da sifili. Falo kamar Maiduguri a watan Afrilu, ɗakin yara kamar firji. Iyakarta ɗakin da take, shi ma in ba mai faɗi sosai ba ne.

Abin da ya kai ɗumi ɗakin yara wata tsohuwar fankar tebur ce ta fam 12 da muka saya don zafin bazara. Baban yara ne ya jiyo dabarar a wurin abokan aikinsa, da ya faɗa ma musu na yi masa. Wai a ajiye ta a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin da yake da sanyi, a juya ta tana hura iskar sanyin zuwa falo, a lamba ɗaya. Na ce Baban yara ya za a yi mu turo wa kanmu sanyi? Ya ce ke dai ki bari ki gani. Ya manna ɗan tishu a saman ƙofar da salatif, yana kunna fankar sai ga tishun ya karkata yana nuna cikin ɗaki. Iskar sanyi ta fi nauyi, a ƙasa take kwanciya, in ka kore ta ta ƙasa zuwa wajen murhu dole mai ɗumin ta biyo ta sama ta cike gurbinta. Ni da can ta sama nake ta ƙoƙarin tura zafi, shi ya sa ban ga komai ba. Cikin awa ɗaya da rabi ma'aunin ya tashi daga 13 zuwa 17. Saman bene kuwa ba ya buƙatar komai, ɗumi da kansa yake hawa matakala, sai dai ma a rufe wani ɗakin don kar ya kwashe duka. Amma ita ta teburin ai lantarki take sha, a daren Arwen da ba ta amfane ni da komai ba, wannan ma dole in faɗa.

Sai kuma ƙara. A shekarar farko shiru take ko motsinta ba ka ji. A hunturu na biyu ta fara wani kar-kar-kar musamman in murhu ya yi zafi sosai, da dare yana shiga har cikin kai. Na rubuta wa mai sayarwar sau uku, sau ɗaya ya amsa ya ce garantin shekara ɗaya ne ya wuce, ko ya ce min ga abin da zan duba. Haba don Allah. Da kanmu muka gano wani ɗan ƙaramin noti da yake riƙe fiffiken ne ya saki, aka ɗaure ta yi shiru wata biyu ta dawo, yanzu kuma injin ne da kansa. A kwalin an rubuta tana fara juyawa daga wajen digiri 50, kar a bari murhu ya wuce 340, kuma akwai wani siririn ƙarfe a gindinta da yake lanƙwashewa ya ɗan ɗaga ta in zafi ya yi yawa, amma ba su sa ma'aunin zafin murhu a ciki ba, sai da na sayi mai maganaɗisu daban. To ta ina mutum zai san ya wuce? Ina zargin a kwanakin guguwar nan da nake ta cusa itace ba ji ba gani ne ta fara samun matsala.

Mariƙin da ke samanta ma siririyar waya ce kawai, zafi yake ɗauka sosai, babbar 'yata ta taɓa ɗaga ta don ta ɗora buta sai da yatsunta biyu suka tashi. Masu ƙananan yara ku sa shingen ƙarfe a kewaye murhun, abu mai juyawa jan hankalin yaro yake yi, autana kullum can yake nufa. Kuma a tabbatar na'urar gano iskar guba tana ɗakin da batirinta, tun Fabrairun 2022 ma doka ce a Sikotland duk gidan da ake ƙona wani abu a ciki.

Don haka uku nake ba ta cikin biyar, ko da yake in na tuna Hajiya tana yaye bargon nan sai in ji kamar na zalunce ta. Har yanzu in mun yi waya sai ta tambaye ni fankar tana nan? Ta so in kawo mata ɗaya ta ɗora a kaskonta, na ce mata sai shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai zafi take so, a kan garwashi kai tsaye lalacewa za ta yi. Sabon inji dai na yi oda fam 9 daga wani wurin daban, an ce sukurori biyu ne da wayoyi biyu, Baban yara zai canza in ya sauko daga teku ranar Alhamis.