Katin bashi da makin amana a Amurka: bayani zuwa gida Damagaram

Zuwa ga Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da dukan mutanen Birni. Kun nemi in bayyana muku yadda harkar banki take a nan Amurka, tun da ƙanena yana shirin zuwa karatu, kuma kun ji ana cewa a ƙasar nan wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne ba a yarda da shi. Maganar haka take, sai dai tana bukatar warwara, domin yara da yawa sun ji rabinta kawai, suka faɗa cikin bashin da ya fi ƙarfinsu.

A kasuwar Dole, mai kanti yana rubuta sunan mutum a littafin bashi ne saboda ya san mahaifinsa, ya san ƙofar gidansu, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara idan biya ya gagara. A nan babu wanda ya san asalin kowa, saboda haka littafin yana hannun kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, kuma kowane wata bankuna suna aika musu labarin wanda ya biya da wanda ya makara. Daga wannan labari ake fitar da lamba guda, wato makin amana, wadda mafi shahararta ita ce ta kamfanin FICO da aka fara amfani da ita a 1989, tana tashi daga 300 zuwa 850. Wanda ya kai 670 ana ganin sa mai kyakkyawan hali, wanda ya faɗi ƙasa da 580 kuwa ƙofofi da yawa suna rufe masa. Mai gidan haya yana duba wannan tarihi kafin ya ba da makulli, kamfanin waya yana dubawa, mai sayar da mota a kan bashi yana dubawa, kuma a gari irin Greensboro, inda ƴan Nijar suke da yawa, wanda ba shi da mota zuwa aiki ma wahala yake yi masa.

Baƙo yana isowa ne ba shi da maki ko kaɗan, kuma sai asusun bashinsa ya yi wata shida kafin FICO ta fitar masa da lamba. Abin da ya fi ci mini rai a tsarin shi ne abubuwan da ba ya gani. Adashin da muke zubawa a tsakaninmu ba ya shiga lissafi, kuɗin da ake aikawa gida ba sa shiga, kuɗin haya ma galibi ba a kai labarinsu sai ranar da aka kasa biya. Mutumin da ya shekara goma yana ciyar da gida a Zinder bai taɓa tsallake wata ba, a idon waɗannan kamfanoni daidai yake da wanda ya sauka daga jirgi jiya.

Kashi 35 cikin ɗari na makin yana fitowa daga biya a kan lokaci. Idan jinkiri ya kai kwana 30 aka kai rahoto, tabon yana zama a takardar mutum har shekara bakwai. Kashi 30 yana duba yawan bashin da ke kan mutum, musamman nawa ya ci daga iyakar da banki ya yanka masa, shi ya sa ake ba da shawarar kada a wuce kashi 30 na iyakar, wato mai iyakar dalar Amurka 300 ya tsaya ƙasa da 90. Sauran ya rabu tsakanin daɗewar asusu, da yawan neman sabon bashi, da ire-iren bashin da mutum ya taɓa riƙewa, kuma waɗannan lokaci ne yake gyara su. Albashi da dukiya ba sa cikin lissafin sam.

Katin da SONIBANK ko Ecobank suke bayarwa a gida yana cire kuɗi ne daga abin da mutum ya ajiye, idan sun ƙare ya tsaya. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne mutum yake kashewa, a ƙarshen wata a aiko masa da takardar lissafi, kuma wata doka ta 2009 ta wajabta a ba shi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Wanda ya biya duka a cikin wannan wa'adi ba a ɗora masa kuɗin ruwa ko sisi. Tarkon yana cikin wata ƙaramar lamba da ake rubutawa a takardar, wato mafi ƙarancin abin da banki zai karɓa, domin wanda ya tsaya a kanta ragowar tana haihuwa da ruwan da yakan wuce kashi 20 a shekara. A ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, a 2014 aka hana bankuna wuce kashi 15, ƙananan asusun lamuni kuma kashi 24, to ga shi manyan bankunan ƙasa mai arziki suna karɓar abin da a gida sai ƙananan masu ba da rance. Idan bashi ya kai dalar Amurka 1,000 a kan kashi 24, ruwan wata ɗaya 20 ne, saboda haka wanda ya biya 30, goma kacal ya rage daga uwar kuɗi.

Na san abin da zai fi damun ku shi ne riba. Malamai a nan sun rabu: wasu sun haramta sa hannu a yarjejeniyar da aka ambaci ruwa a cikinta ko da ba za a taɓa biyan sa ba, wasu sun yi sassauci saboda lalura, da sharaɗin a riƙa biyan duka kafin wa'adi. Ni na bi na biyun, kuma ina ganin sharaɗin nasu shi ne ainihin abin da makin yake so, domin barin bashi ya kwana ba ya ƙara wa mutum lamba ko ɗaya.

Ga ƙanena, hanya mafi sauƙi ita ce katin da ake buɗewa da ajiya: ya ba banki kamar dalar Amurka 200, abin da ya haura jika ɗari na sefa, su riƙe a matsayin jingina, su yanka masa iyaka daidai da ita. Idan bai kai shekara 21 ba, dokar 2009 ta ce sai ya nuna yana da abin shiga na kansa ko wani babba ya tsaya masa. Ya ɗora wa katin abu ɗaya ƙarami da dama zai biya, kamar kuɗin waya, ya umarci banki ya riƙa cire duka daga asusunsa kowane wata.

Akwai roƙon da nake yi wa gida, Kawu, kuma ina so ku faɗa wa iyayenmu mata da kanku. Idan Sallah ta matso ana neman kuɗin rago, kada a matsa masa ya aiko daga katin. Cire tsabar kuɗi da shi, har da aikawa ta wasu kamfanonin tura kuɗi, ana lissafa shi daban: ana yankar lada nan take, ruwa ya fara hawa daga ranar, babu kwana 21 ɗin. Haka kuma kada ya tsaya wa kowa a takardar bashi don kunya, domin idan wancan ya makara, sunayensu biyu za a rubuta.

Ƴan uwanmu na Faransa ba za su gane wannan tsari na maki ba, tun da can Babban Bankin Faransa sunayen waɗanda suka kasa biya kawai yake tarawa, wanda bai ci bashi ba kuma ba shi da laifi. Tara bayanan miliyoyin mutane a wuri ɗaya yana da haɗarinsa: a 2017 ɓarayin intanet sun kutsa cikin Equifax suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Saboda haka ƙanena ya riƙa karɓar rahotonsa, wanda doka ta ba shi kyauta, ya duba ko an rubuta masa bashin da bai ci ba, ya kuma sa a kulle takardarsa a kamfanonin uku don kada wani ya ci bashi da sunansa, abin da ba a biyan komai a kansa tun 2018. A gaishe da Inna da sauran mutanen gida.