Bitar wani ruwan magani da ake sayarwa a Kaduna da sunan zai sa jiki ya riƙe HIV da kansa

Watanni biyu da suka wuce ƙanwata, wadda ta shekara shida tana karɓar maganin HIV a wani asibitin gwamnati a nan Kaduna, ta zo mini da wata kwalba da maƙwabciyarta ta ba ta shawarar saya a wani shago da ke Tudun Wada. Ta ce, "Yaya, ka duba mini wannan. Mai shagon ya ce idan na sha kwalba uku jikina zai riƙe cutar da kansa, ba sai na ci gaba da haɗiyar ƙwaya kullum ba." Da yake ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, na ga ya wajaba in je shagon da ƙafata, in sayi kwalba ɗaya, in kuma koma ga abin da masu bincike suka rubuta kafin in yanke hukunci.

Shagon tsaf yake, mai shi kuma dattijo ne mai fara'a wanda ya tarbe ni da mutunci. Kwalbar rabin lita ce, an jera abin da ke cikinta kamar haka: zogale, citta, tafarnuwa, zuma, habbatus sauda, da ƙarin sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Ɗanɗanonta bai da laifi, akwai ɗan yaji da zaƙin zuma. Babu lambar rajistar NAFDAC a jikinta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rubutun da ke cewa maganin yana gyara yadda jiki ke sarrafa abinci har garkuwa ta koma irin ta mutanen da ke danne cutar ba tare da magani ba.

Waɗannan mutane akwai su, kuma a nan ne tallar ta samo ƙarfinta, domin ta ɗauko gaskiya ta ɗora mata abin da ba nata ba. Cikin masu ɗauke da HIV, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari ne jikinsu ke riƙe yawan ƙwayar cutar ƙasa da 50 a kowace mililita ta jini tsawon shekaru ba tare da sun sha magani ba. Da yawa daga cikinsu sun gaji wani tsari na halitta, irin su HLA-B57 da HLA-B27, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin garkuwa na CD8 su gane ƙwayoyin CD4 (wato ƙwayoyin garkuwa da HIV ke shiga) da suka kamu su hallaka su da wuri. Loreen Willenberg, wata Ba'amurkiya da aka gano tana ɗauke da cutar a 1992, ita ce misalin da ya fi shahara.

Batun sarrafa abinci kuwa ya fito ne musamman daga Cibiyar Pasteur da ke birnin Paris na Faransa, inda aka fara gano ƙwayar cutar a 1983. A 2019 tawagar Asier Sáez-Cirión ta wallafa bincike biyu masu muhimmanci. Na farko ya nuna cewa HIV ta fi samun gindin zama a ƙwayoyin CD4 da ke ƙona sukari da yawa don samar da kuzari, kuma da aka toshe wannan hanya a ɗakin gwaji sai kamuwar ta ragu. Na biyu ya kwatanta ƙwayoyin CD8: na yawancin masu cutar sun dogara ne kacokan a kan sukari, saboda haka da zarar ya yi ƙaranci sai su raunana, alhali na masu riƙe cutar suna amfani da mitokondiriya, wato 'yar ma'aikatar wuta da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu, suna iya juyawa zuwa wani makamashi su ci gaba da aiki. Kamar gida biyu ne, ɗaya yana jiran wutar lantarki kaɗai, ɗayan kuma yana da janareta da sola. Masu binciken sun kuma gwada wani sinadarin garkuwa mai suna IL-15 a kan ƙwayoyin da suka raunana, suka ga sun ƙara ƙarfi.

Sai dai duk wannan a cikin kwanon gwaji aka yi shi, a kan ƙwayoyin da aka ciro daga jini, kuma tsarin da ake magana a kai yana cikin ƙwayar halitta ne, ba a tumbi ba. Zogale abinci ne mai amfani, ni ma ana yin kwaɗonsa a gidana, amma shan sa ba ya canza abin da mutum ya gada, ba ya kuma koya wa CD8 sabuwar hanyar samar da kuzari. Hatta masu riƙe cutar likitoci ba sa sakin su haka nan, domin wasunsu kan rasa wannan riƙo daga baya, wasu kuma suna fama da kumburin cikin jiki da ke iya taɓa zuciya da jijiyoyin jini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarfe da kalsiyam da aka zuba a ciki. Ƙwayar da ƙanwata ke sha, kamar yawancin masu karɓar magani a Najeriya yanzu, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir ce, kuma ƙarfe da kalsiyam suna manne wa dolutegravir a cikin hanji su rage yawan wanda ke shiga jini, musamman idan an haɗa su a kan cikin da babu abinci. Wannan ne ya sa ake cewa a sha ƙwayar awa biyu kafin irin wannan ƙari, ko awa shida bayansa. Babu ko kalma ɗaya ta gargaɗi a jikin kwalbar. Ke nan ko wanda bai daina shan ƙwayarsa ba yana iya raunana ta bai sani ba, balle wanda ya ajiye ta gaba ɗaya, wanda cutar kan dawo masa cikin 'yan makonni.

Na koma shagon na ce, "Baba, wannan rubutu zai iya jefa rayuwar mutane cikin haɗari." Ya saurare ni har na gama, ya ce shi sari kawai yake yi, kuma zai yi magana da masu kawo masa. Na yarda ba da mugun nufi yake sayarwa ba, amma da na sake bi ta wurin a makon jiya na tarar kwalaben suna nan a kan kanta da rubutunsu yadda yake.

Ba na ba wa duk mai ɗauke da HIV shawarar sayen wannan ruwan magani, kuma kuɗinsa ya fi amfani a wake da ƙwai da kifi da ganye. Ƙanwata ta kai kwalbarta wurin mai ba da magani na asibitinsu, ya karanta abin da ke jikinta ya ce ta ajiye, ta kuma ci gaba da shan ƙwayarta da daddare kamar yadda ta saba. Gwajin jininta na gaba yana nan tafe a wata mai zuwa, kuma ni zan raka ta.