AnkiDroid: Manhajar da ke dawo wa ɗalibi da kuskurensa

Malamin da ya san aikinsa ba ya tsayawa ga jan layi da jan biro. So yake ɗalibi ya sake karo da tambayar da ta kayar da shi, ba sau ɗaya ba, har amsar ta zauna masa. A ajin mutum sittin wannan ba ya yiwuwa, kuma a nan ne manhajar Anki ke da rana. Damien Elmes ne ya ƙirƙiro ta a 2006. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, inda ake kiranta AnkiDroid, kuma tana aiki ba tare da data ba. Ta iPhone ce kaɗai ake saya.

Katuna ake yi: tambaya a gaba, amsa a baya. Ɗalibi zai amsa a ransa, ya buɗe baya, sannan ya danna ɗaya daga maɓallai huɗu. Idan bai ci ba ya danna Again, katin da ya taɓa sani zai dawo masa bayan minti 10. Idan ya ci ya danna Good, tazarar dawowar katin ta riƙa ƙaruwa daga kwanaki zuwa makonni.

Shawararmu, kada a sauke katunan wasu. A ɗauko takardar gwajin da malam ya duba, duk tambayar da aka faɗi ta zama kati guda. Misali, yaro ya rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5. A gaba a sa tambayar. A baya a sa 5/6, sannan a ƙara layi ɗaya da bakin yaron: "Na haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ban fara mayar da ƙasan 6 ba." Wannan layin shi ne maganin. Manhajar ta san an faɗi, amma ba ta san dalili ba, sai malam ya zauna da yaro sun tono shi tare.

Babban rauninta shi ne ɗalibi ne alƙalin kansa. Yaron da ya saba shan bulala ko dariyar 'yan aji kan kuskure zai riƙa danna Good don kunya, katin ya yi nisa, ya manta. Dole a faɗa masa tun ranar farko cewa danna Again ba laifi ba ne, aikin ke nan.

Sai tarin bita. Manhajar kan fito da sababbin katuna 20 a rana, wanda ya yi wa mai shirin WAEC ko JAMB yawa, domin fashin kwana uku kawai zai tara masa abin da zai sa ya karaya. A rage zuwa 10.

Katin da aka faɗi sau 8, manhajar da kanta za ta yi masa alama. Galibi ya yi tsawo ne, ko kuma ba a fahimci darasin ba tun asali. A kai wa malam ya sake bayani, sannan a raba katin gida biyu.