Kafin ka biya kuɗin tanti ko tamfol, karanta lambobin jikinsa

Jama'ar Katsina da Daura, damina na matsowa, masu bada hayar kanofi da 'yan cin kasuwar ƙauye da masu rufe hatsi duk an fara cigiyar tanti da tamfol, kuma yawancinmu da hannu muke saye, a ɗaga a ji nauyi a ce wannan zai yi ƙarko. Wallahi nauyi kaɗai ba ya isa.

In ka duba kwalin zaka ga 68D ko 210D ko 600D. Wannan D ɗin kaurin zaren ne, ana auna zare mai tsawon mita 9,000, giram nawa ya yi shi ne lambar. 68D siriri ne, shi ake yi wa ƙananan tantunan kwana, 600D kuwa shi kake gani a jakar goyo da kujerar naɗewa. Akwai kuma T, kamar 190T ko 210T, yawan zaren da ke cikin inci ɗaya kenan tsaye da kwance, kuma nan ake ruɗa mutane, don siraran zare sun fi shiga da yawa, kenan T babba ba ya nufin ya fi ƙarfi. GSM shi ne nauyin murabba'in mita ɗaya na yadin a giram, shi ake amfani da shi wa tamfol da kambas.

To mi ya dace da mu? Nailan yana da ƙarfi ga rashin nauyi, amma don masu hawan dutse a Turai aka fi yinsa, waɗanda ke goya kayansu a baya. Ruwa na taɓa shi sai ya saki ya yi ciki, rana kuma tana cinsa da sauri. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, babban makiyin tantinka rana ce kafin ma a zo maganar ruwa, shi yasa ni foliyesta nake ba mutum shawara, 150D zuwa sama in tantin zai riƙa wuni a kafe. In ka samu mai ɗan layi-layi kamar gidan dara a jikin yadin, wanda ake ce ma rifistof, ɗauke shi, don in ya yage tsagar na tsayawa a layin gaba.

Kambas na auduga daban ne, da rana tsaka ciki ya fi sanyi don iska na ratsa shi, ka nemi GSM 300 zuwa sama. Ruwan farko zai iya ɗan yoyo kafin zaren ya kumbura ya toshe kansa, kar ka tsorata. Matsalarsa nauyi, sannan in ka naɗe shi da danshi fumfuna zata lalata maka shi, dole sai ya bushe ƙarau.

Mai hayar kanofi kam PVC zai saya, wato yadin roba mai kauri, GSM 500 zuwa 650, da tsada amma yana jure kafawa da kwancewa duk sati. Wannan shuɗiyar ledar mai arha ta rufe buhuna na ɗan lokaci ce, in ta daɗe a rana marmashewa take.

Maganar ruwa, ka nemi lamba mai mm, ita ke nuna ƙarfin yadin wajen tare ruwa. 1,500mm shi ne ƙaramin abin da zan yarda da shi, 3,000mm ya fi kwanciyar hankali ga ruwan Agusta, kuma na shimfiɗar ƙasa ya kamata ya fi na rufi. Shafin roba ne a cikin yadin ke tare ruwan, kuma zafi da danshi na lalata shi a ajiye, don haka in na gwanjo ne ko ya daɗe a sito ka sa a buɗe maka, ka shafa ciki, in yana danƙo ko yana ɓarewa ko yana wari dan Allah bar masu kayansu komin arha.

Ka ɗaga yadin wajen rana ka bi ɗinkin da ido, ya kamata a ce an manne shi da tef ta ciki. Ka ja wajen zoben da igiya ke shiga, ka ga ko an ninka yadi a wurin, don guguwar farkon damina daga nan take fara yaga, ko da yadin 600D ne.