Daga Tate Britain zuwa Tate Modern a ƙafa, ta gaɓar kogin Tems

'Yan'uwa masu shirin zuwa Landan, bayan gaisuwa. Kusan duk baƙon da ya sauka tambayarsa ɗaya ce: ina za a kai iyali su ga gari ba tare da aljihu ya ƙone ba? Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce tafiyar ƙafa tsakanin manyan gidajen zane-zane biyu da ke bakin kogin Tems, Tate Britain da Tate Modern. Shiga kyauta ne a duka biyun. Tsakaninsu kimanin kilomita 4 ne, awa guda ga mai sauri, awa biyu ga mai yara ko mai tsayawa ɗaukar hoto.

Ku fara daga Tate Britain, a unguwar Millbank. Shi ne tsohon, an buɗe shi a 1897 da kuɗin Henry Tate, attajirin sukari, a filin da a da kurkuku ne. Zanen Turawan Ingila ne a ciki tun daga ƙarni na 16, da tarin ayyukan Turner, wanda ya shahara da zanen teku da hazo. Ba shi da hayaniya, ana gama shi cikin awa ɗaya da rabi. Tate Modern kuwa kasuwa ce, yana cin ƙafa yana cin lokaci. Wanda ya fara da shi ba zai iya tafiyar kogin ba. Ana buɗe duka biyun ƙarfe 10 na safe, Tate Britain na rufewa ƙarfe 6 na yamma, kuma ba a buɗe su daga 24 zuwa 26 ga Disamba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa ita ce Pimlico, a layin Victoria.

Abubuwa biyu kafin ku shiga. Ba a barin jakar da ta wuce santimita 55 da 40 da 20, don haka kada a zo da akwati daga filin jirgi. Sannan a wasu ɗakunan akwai zane da sassaƙen mutane ba sutura. Mai yara ya riƙa shiga gaba ya leƙa kafin ya kira su.

Idan kun fito, ku juya hagu, kogi na hannun dama, har gadar Lambeth. Nan ne yawancin mutane ke kuskure. Suna hango ginin majalisar dokoki a gaba sai su miƙe. Amma ginin a bakin ruwa yake zaune, babu hanya ta gefensa, dole a bar kogin a zagaya ta cikin cunkoson masu yawon buɗe ido da shingayen 'yan sanda. Ku haye gadar Lambeth. A ɗaya gaɓar za ku tarar da fadar Lambeth, mazaunin babban limamin cocin Ingila, daga nan hanya ce shimfiɗaɗɗiya ba mota, kuma daga wannan ɓangaren ne ake ganin majalisar gaba ɗayanta da hasumiyar agogon Big Ben.

Wannan yankin, tsakanin Lambeth da Westminster, shi ya fi kwanta min a rai. A hannun dama katangar asibitin St Thomas ce, kuma a jikinta, tsawon kusan rabin kilomita, an zana jajayen zukata, kowace zuciya a madadin mutum ɗaya da korona ta kashe a Birtaniya. Iyalan mamatan ne suka fara a 2021. Idan ka matsa kusa za ka ga rubutun hannu a cikin zukatan: suna, kwanan wata, wani wurin kalma ɗaya tak, uba ko kaka. Wasu sun koɗe an sake bin su da sabon fenti. Mutane kan rage murya a nan ba tare da an ce su rage ba.

A gadar Westminster ba sai kun hau titi ba, akwai hanya ta ƙarƙashinta. Daga fitowa sai taron jama'a. Daga nan har a wuce London Eye, wato ƙaton lilon nan mai tsayin mita 135, nan ne 'yan sane suke. Waya ta koma aljihun gaba, jaka ta dawo ƙirji. A kan gadar kanta akwai masu cacar kofi uku da ƙwallo. Waɗanda kuke gani suna ci, yaransu ne. Lilon yana da tsada, layinsa na da tsawo, kuma tikitin da aka saya a wurin ya fi na intanet kuɗi.

Da an wuce gadar jirgin ƙasa ta Hungerford sai numfashi ya dawo. Ga Royal Festival Hall na 1951, ga teburan masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gadar Waterloo, ga National Theatre. Ku riƙe sunayen Royal Festival Hall da National Theatre saboda banɗaki: a lokacin da suke buɗe kowa na iya shiga ya zauna a kujera, ya yi amfani da banɗaki, ba wanda zai tambaye shi tikiti. Wanda ke kusa da lilon kuwa na kuɗi ne. Ba a ajiye buta a banɗakin ƙasar nan, sai a riƙe ƙaramar gora a jaka.

Maganar abinci. Duk abin da aka sayar a bakin ruwa da kuɗin kallo a cikinsa. Manyan kantuna irin su Tesco da Sainsbury's na haɗa burodi mai haɗi, abin sha da ɗan abin taɓawa a farashi ɗaya, kuma abincin rumfunan gaɓar kogi kan ninka shi biyu ko uku. Ku saya tun daga Pimlico. Akwai kasuwar abinci a bayan Royal Festival Hall daga Juma'a zuwa Lahadi, wasu rumfunan na halal ne, amma a tambaya, kada a yi zato. Ruwan famfo mai kyau ne, ana sha, gora ɗaya ta isa a riƙa cikawa. Wurare da dama ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, sai kati.

Bayan Gabriel's Wharf da hasumiyar Oxo za ku ga matakala da ke sauka zuwa yashi. A yi hattara. Tems a Landan yana bin cikar teku da janyewarta sau biyu a rana, kuma ratar kan kai mita 7. Yashin da yara ke wasa a kai da azahar yana iya zama ƙarƙashin ruwa kafin magariba, ruwan kuma na da sanyi da ƙarfin ja. Tono ko tsintar tsofaffin kaya a wurin sai da izinin hukumar tashar ruwan Landan.

Sai ƙarƙashin gadar Blackfriars, inda jajayen ginshiƙan wata tsohuwar gadar jirgi ke tsaye a ruwa ba komai a kansu. Minti biyar gaba za ku ga bututun hayaƙi mai tsayin mita 99. Tate Modern ke nan. Tashar wutar lantarki ce da aka rufe a 1981, aka mai da ita gidan zane a 2000. Ku shiga ta ƙofar yamma, inda gangare ke kai mutum cikin zauren injuna mai tsayin mita 35. A nan ne a 2023 El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a Nsukka, ya rataye manyan labule da aka ɗinke da murafun kwalabe. A Oktoban 2025 kuma aka buɗe baje kolin masu fasahar Najeriya, har da tukwanen Ladi Kwali. Baje koli na musamman irin na Najeriyar nan su ne na kuɗi, kuma gara a sayi tikiti tun kafin ranar. Akwai ɗakin da aka keɓe don ibada, sai a tambayi ma'aikata.

Wanda ƙafa ta gaza masa yana da zaɓi. Jirgin ruwan Uber Boat na tashi daga matsayar Millbank, daidai gaban Tate Britain, ya sauke a Bankside, gaban Tate Modern, cikin kusan minti 20. Yana da daɗi, yana da rufi, amma kuɗinsa ya ninka na bas sau da yawa, kuma ba ya shiga cikin iyakar kuɗin mota ta yini da ake yi wa mai kati. Bas fam 1.75 ne a 2024, ba a karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kuma idan ka sauya bas cikin awa guda ba a ƙara cire maka. Kowane babba da katinsa. Kati ɗaya ba ya biya wa mutum biyu. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya a bas. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi duka rashin amfani a nan, don sai an sauya layi a Victoria ko Green Park, an sha matakala, ba a ga komai ba.

Lokaci ma abin lura ne. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗa cikin tafiyar, don haka a bar Tate Britain kafin 12. A Yuni kuwa da haske har bayan 9 na dare. Iskar bakin kogi ta fi ta cikin gari cizo kuma tana juya lema, rigar ruwa mai hula ta fi. Don komawa, tashar Southwark a layin Jubilee na bayan ginin, tafiyar minti goma, ko a haye gadar Millennium zuwa tashar St Paul's.