Gargaɗi ga masu gina shafuka a Damagaram: jaka 350 na biya kan sabar da ba tawa ba

Jaka 350 na ba shi, jama'a. Sefa 350,000, kuɗin Alhaji mai makaranta da ya ba ni amana, ba nawa ba ma. Ba zan kama sunan mutumin ba yanzu don na kai ƙara komisariya, amma wanda ya san fadarmu ta Zango ya san wa nake nufi.

Manhaja na rubuta wa wata makaranta mai zaman kanta, iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Na san irin wannan aiki: shekara duka shiru, rana ɗaya kowa ya afko. Shi ya sa na nemi sabar gajimare (saba ita ce injin da ke ɗauke da shafi a intanet), wadda in mutane sun yi yawa take ƙara injina da kanta, in sun watse ta rage. Ban yi wauta ba a nan, abin da ya dace na nema. Matsalata katin Visa ne, AWS da DigitalOcean, kamfanonin da ke ba da hayar irin wannan saba, ba sa karɓar kuɗi a hannu, ni kuma katina ya daina aiki a lokacin.

Har yanzu ina ganin daren. Muna zaune ana zuba shayi na biyu, mutumin nan ya juyo mini da kwamfutarsa, ya nuna zane mai hawa da sauka da tambarin AWS a sama. Ya ce, "Injiniya, kwantar da hankalinka, ni dillalinsu ne, a Faransa zan ɗora maka, ko mutum 10,000 suka shigo lokaci ɗaya ba za ta girgiza ba." Na tambaye shi RAM nawa, wato ƙwaƙwalwar aikin injin, ya ce giga 16. Na tambayi kwafin ajiya, ya ce kowane dare. Duk tambayar da mai hankali zai yi na yi. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban ce ya miƙo kwamfutar in latsa da hannuna ba. Hoto ne ashe. Hoto ya buɗe mini, ni kuma ina gyaɗa kai da kofin shayi a hannu.

Ranar sakamako, kafin ƙarfe 9 na safe shafi ya faɗi. Lamba 508 ke fitowa. Duk wanda ke wannan sana'a ya san 508, ta masaukin haɗaka ce, inda ake cusa shafuka da yawa a injin guda, kowa da ɗan kasonsa, ka wuce iyaka a rufe ka. Na bincika adireshin IP, wato lambar injin a intanet, sai ga shafukan wasu mutane rututu a wuri ɗaya da nawa. Irin wannan masauki bai kai yuro 10 a wata ba. Yuro kusan sefa 656 yake, ku lissafa, shekara ba ta kai jaka 80 ba. Ni jaka 350.

A'a, tsaya, kafin wannan ma akwai alama. Tun da na biya kashin farko, jaka 200, na nemi shiga ta SSH, ƙofar da ke ba mutum damar shiga cikin sabar kanta, ya ce sai an gama "tsaro". Ko bayan kashi na biyu ne, jaka 150 ɗin? Bayan na biyu ne, don na tuna a bakin Kasuwar Dole na miƙa masa yana kan babur. Sau uku ina tambaya. Ya ba ni cPanel kawai, allon sarrafa shafi da bai kai cikin injin ba, na ce to, wataƙila haka dillalai ke yi. Mutumin da muka yi sallah sahu ɗaya, ya zo sunan ɗiyata, me zai sa in ɗauke shi ɓarawo?

Iyaye suka cika ƙofar makaranta. Alhaji ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ina abin da ka ce?" Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kira wancan, ya ce kuran ne aka ɗauke. Sabar da ya ce tana Faransa, ɗauke wutar Damagaram ya kashe ta! Da la'asar ya toshe ni a WhatsApp. Kuma sunan shafin makarantar da sunansa ya yi rajista, yanzu ya aiko a ce mini sai na ƙara jaka 50 zai saki.

Hotunan hirarmu da takardar kashin farko duk suna nan, zan sa su gobe in Allah ya kai mu.

Ku buɗe asusun sabar da kanku, da imel ɗinku, sunan shafi ma da sunanku. In ba ku da kati, ku je banki ku yanki katin da ake zuba wa kuɗi. Wanda ya hana ku SSH kada ku ƙara masa ko dala.

Jaka 50 ɗin kuma ba zai gani ba.