Farautar giwan ruwa da koton gashi a kogin Faro: abin da na biya da abin da na tarar

Tun da na dawo Maraɗi abokan kasuwa suke tambayata ko tafiyar Kamaru ta ci kuɗinta. Ta ci, amma ba ga kowa ba. Kamfanin da ya shirya mana ita ya san ruwa kuma ya san kifi, sai dai bai shirya wa baƙo irina ba.

Kogin Faro yana arewacin Kamaru. Daga tsaunukan Adamawa ya taso, ya gangaro ya zuba cikin Binuwai dab da iyakar Najeriya, Binuwai kuma ta haɗe da kogin Neja a Lokoja. Saboda haka kifayensa ba baƙi ba ne a wurinmu, giwan ruwa ne da tsage da sauran ƴan'uwansu. Abin da ya bambanta shi ne can an bar su sun girma, domin inda ake kamun yana jikin gandun dajin Faro, wanda ya zama gandun ƙasa a 1980, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 3,300, kuma akwai masu gadi da ke hana jefa koma da kalli a wannan yanki.

Wannan fatsa ba irin wadda muka saba a tafkin Madarunfa ba ce, ta tana ko ƙullin tuwo a bakin ƙugiya. Koton na gashin tsuntsu ne da na dabba da zaren roba, a ɗaure su a jikin ƙugiya har su yi siffar ƙaramin kifi. Ba shi da nauyin da zai kai shi nesa, igiyar ce mai nauyi, sai ka yi ta kaɗa ta sama gaba da baya kafin ka sake ta ta miƙe kan ruwa. Sandunan suna da lamba gwargwadon ƙarfinsu. Lamba 9 muka riƙe wa tsage, lamba 12 ga giwan ruwa. Wanda bai taɓa kaɗa lamba 12 ba ya fara koyo tun a gida, ko a fili ne ba ruwa, don kafaɗa tana faɗa wa mutum gaskiya tun daren farko.

Da rana tsage ake nema, a inda ruwa ke gudu tsakanin duwatsu. Haƙoransa na sama da na ƙasa shiga juna suke yi, shi ya sa ake sa guntuwar waya tsakanin koto da zare, in ba haka ba ya datse ya wuce. Yakan yi tsalle ya girgiza kai ya tofar da ƙugiya, kuma waɗanda suka kuɓuce sun fi waɗanda suka zo hannu yawa nesa ba kusa ba. Akwai daɗi, amma ba shi ya kai ni ba.

Giwan ruwa da dare yake farauta. Tun la'asar jagoran zai kai ka bakin gurbin da za ka tsaya, ya nuna maka dutsen da za ka taka, ya sa ka jefa da sauran haske don hannunka ya haddace nisan, ya nuna maka inda dorinai suke da hanyar da suke bi su fito kiwo. Nan na gane abin da nake biya. Idan duhu ya rufe ba a kunna fitila, kuma baƙin koto ake sawa, mai tsawon da ya wuce tafin hannu, saboda kifin daga ƙasa yake hango inuwarsa. Kana jan igiyar da hannun hagu a hankali, kana jin dorina tana huci can ƙetare, wani lokaci awa guda ba abin da ya taɓa ka. Sai kawai igiya ta tsaya cak. Dattijon mai gadin daji da ke bayana, mutumin wajajen Garwa mai jin Hausa sosai, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Alhaji, kar ka ɗaga sanda, ja da hannu, ja da ƙarfi!" Na ja. Abin da ya biyo baya kamar ka riƙe igiyar bijimi a kasuwar dabbobi ne ya fizge ya nufi ƙofa. Igiya ta ƙona mini yatsa, kifin ya nufi ƙarƙashin duwatsu, jagoran ya riƙe ni ta ɗamara yana juya ni gefen da zan danne shi. Da muka jawo shi bakin yashi aka haska fitila, idanunsa suka ɗauki haske jajir, bakinsa kuwa dunƙulen hannuna biyu za su shige ba tare da sun taɓa gefe ba. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Alhaji, yayyensa suna nan ƙasa." Ban yi musu ba, tunda an san giwan ruwa yana haura kilo 100.

Sai aka sake shi. Dokar wurin ke nan, kuma an faɗa mana tun kafin mu biya: ƙugiya ba ta da ƙayar baya, kifi ba ya barin ruwa sai na ɗan lokacin hoto, a riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har ya farfaɗo ya fizge da kansa. Ba zan ɓoye ba, ya yi mini nauyi a zuciya. Na tashi a garin da kifi abinci ne, na san gidajen da wannan guda ɗaya zai ciyar har da maƙwabta. Amma na ga dalilin da ido. Manyan galibi mata ne masu zuba ƙwai, in an kwashe su gurbin ya mutu. Tunanina ya tafi wajen masuntanmu na Madarunfa, waɗanda ba na ganin laifinsu ko kaɗan, don mai neman na cefanen yau ba ya jiran kifi ya shekara goma. Abin da Faro ke da shi da mu ba mu da shi shi ne kuɗin baƙi da ke biyan masu gadi.

Masaukin tantuna ne a bakin kogi, da gidan sauro da ruwan wanka, tsaf ba laifi. Mai dafa abincin Musulmi ne, ban yi shakkar nama ba. Tsando yana cizo da rana, a tafi da riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ko shuɗiya ba.

Ƙorafina na farko harshe ne. Jagoran ɗan Afirka ta Kudu ne, gwani na gaske, amma Ingilishi yake yi, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. A ƙasar da ake Faransanci da Fulatanci da Hausa, bai dace bayanin tsaro kan dorina da kada ya rataya a kan sa'ar samun dattijon da zai fassara ba. Shi kuwa dattijon, wanda aikin tafinta ba ya cikin abin da aka ɗauke shi yi, ba a ko ambaci sunansa a takardar da aka ba mu ta rabon tukuici ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Na biyu, lokacin shiga ruwa ya faɗa daidai magariba, kuma babu wanda ya yi tunanin haka a tsarin. Da na yi magana jagoran ya gyara ba gardama, yakan tsaya gadi in yi salla a kan yashi nesa da bakin ruwa, amma kamata ya yi a tambaya tun a takardar rajista.

Batun kuɗi kuma, maganar miliyoyin sefa ake yi, kuma farashin da aka fara faɗa mini bai haɗa da jirgi da biza da tukuici da kayan fatsa ba. Daga Yamai sai da na bi ta Duwala kafin Garwa, sannan awoyi a mota kan hanyar da ƙarshenta ba kwalta. A riƙe katin rigakafin shawara. A kuma tuna sefar Kamaru ta Afirka ta Tsakiya ce: darajarsu ɗaya da tamu, amma takardar jika goma ta Maraɗi ba ta sayen ko ruwa a kantin Garwa sai an canza, mai canjin kuma zai cire nasa.

Lokacin kamun rani ne, daga Janairu zuwa wajajen Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya ya washe. Farkonsa akwai sanyin hunturu da dare, ƙarshensa zafi irin namu. Wanda burinsa ya cika firji da kifi, wannan tafiya ba tasa ba ce. Wanda ya riga ya iya jifa, yana da lafiyar tsayuwa kan dutse cikin duhu, kuma kuɗin ba zai taɓa haƙƙin iyali ba, ya je. Ni dai na rubuta wa kamfanin cewa in sun sa jagora mai jin Faransanci ko Hausa, suka kuma sa masu gadin cikin rabon tukuici, su ajiye mini wuri a watan Fabrairu.